Yadda Ake Tara Tsofaffin Fina-finan Kunfu A Faifai Na Ainihi

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa gare ni ta fuskoki daban-daban: a ina ake samun tsofaffin fina-finan Cana, irin na Bruce Lee da na 'yan Shaolin, a faifai mai kyau, kuma nawa ake kashewa? Wasu ma sai bayan sun sha wuya suke tambaya. Wani ya yo oda daga Amurka faifan ya ƙi tashi a injinsa, wani ya biya kuɗin na ainihi aka kawo masa jabu, wani kuma ya sayi fim ɗaya sau biyu saboda sunan ya bambanta a kwali. Shi ya sa na ga gara in jera matakan yadda nake bi.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Fim guda yana iya samun bugu goma, kuma a cikinsu akwai wanda aka yanke wa gefen hoto, akwai wanda aka cire wa faɗa, akwai wanda aka sauya wa kiɗa. Mai tarawa bugun yake saya. Sunan fim da kyan kwali ba su isa su sa ka zaro kuɗi ba.

Mataki na 1: Fara da injin kallo

Kada ka sayi ko faifai ɗaya kafin ka san injin da za ka saka shi. Kamfanoni sun raba duniya shiyya-shiyya, kuma faifan wata shiyya ba ya tashi a injin wata.

A DVD shiyyoyin lambobi ne. Amurka da Kanada su ne 1. Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya su ne 2. Hong Kong da Taiwan da Koriya ta Kudu su ne 3. Nijeriya da Nijar da akasarin Afirka muna 5, babban yankin ƙasar Sin kuma 6. Galibin ƙananan injinan DVD da ake sayarwa a kasuwanninmu ba su damu da wannan ba, kome ka ba su ci suke yi. Matsalar tana wajen Blu-ray, faifan da ya gaji DVD kuma ya fi shi kyan hoto, inda shiyya uku ce kawai: A ta haɗa Amurka da Japan da Hong Kong, B ta haɗa Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, C kuma ƙasar Sin da Indiya da Rasha. A nan mun yi dace, don shiyyarmu ɗaya da Ingila, kuma Ingila ce ta fi kowa fitar da kyawawan bugun waɗannan fina-finai a 'yan shekarun nan. Faifan 4K UHD, wanda ya fi Blu-ray kyan hoto, shi ba a cika kulle shi da shiyya ba.

Hanya uku ce a gabanka. Ta farko, inji ɗan shiyyar B, ka tsaya kan faya-fayan Ingila. Ita nake ba mai farawa shawara a kai, don za ka yi shekaru ba ka ƙure abin da ke wurin ba. Ta biyu, injin da aka buɗe wa shiyya, wanda ake sauya masa A ko B da madannan rimot. Irinsa yakan fara daga wajen dala 150 zuwa sama. Ta uku, abin wasan gem da ƙila yana ɗakinka: PlayStation 4 yana karanta Blu-ray amma ba ya karanta 4K UHD, PlayStation 5 mai bakin faifai da Xbox Series X suna karanta duka biyun.

Gargaɗi: shi ma abin gem yana da shiyya wajen fim, ta ƙasar da aka yi shi domin ta. Na hannu da aka shigo da shi daga Amurka ɗan A ne ko da a Kano ka saye shi. Duba takardar da ke manne a bayansa ko a ƙasansa.

Gargaɗi na biyu, kuma ya fi tsada: wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Injinan Blu-ray da yawa na Amurka wutar can kaɗai suka sani. Karanta rubutun da ke kusa da wayar wuta. In ka ga 100 zuwa 240, babu damuwa. In 120 kaɗai ka gani, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba jonawar farko ce ta ƙarshe. Na Ingila kuwa har bakin soket ɗinsa mai ƙafa uku irin na Nijeriya ne. Ko wanne ka saya, ka sa masa sitabilaiza, kuma ka cire faifai daga ciki kafin a sauya daga wutar gari zuwa janareta.

Mataki na 2: Rubuta abin da kake nema, da shekararsa

Ɗauki littafi ka rubuta fim goma da ka fi so. Goma kawai. Wanda ya shiga wannan harka ba jeri, kyan kwali ne yake ja masa gora, kuma kuɗinsa kan ƙare a kan fina-finan da ba zai kalla sau biyu ba.

Kusa da kowane suna ka rubuta shekara da sunan darakta, domin sunayen Turanci na waɗannan fina-finai tarko ne. Na farkon Bruce Lee, The Big Boss na 1971, a Amurka an sayar da shi da sunan Fists of Fury. Na biyunsa, wanda shi ne ainihin Fist of Fury na 1972, sai suka kira shi The Chinese Connection. Harafi ɗaya ne tsakanin Fists of Fury da Fist of Fury, fina-finan kuwa daban. The Way of the Dragon na 1972 can Return of the Dragon ne. The 36th Chamber of Shaolin na 1978, na darakta Lau Kar-leung, za ka gan shi da sunan Master Killer. King Boxer na 1972 shi ne Five Fingers of Death. Crippled Avengers na Chang Cheh an taɓa liƙa masa suna Return of the Five Deadly Venoms, alhali ba ci gaban labarin fim ɗin Five Deadly Venoms ba ne, 'yan wasan ne kawai suka sake haɗuwa.

Sannan ka karanta sunan jarumi da kyau. Bayan rasuwar Bruce Lee a watan Yulin 1973 an cika kasuwa da masu kwaikwayonsa, su Bruce Li da Bruce Le da Dragon Lee. Suna da masoyansu, har akwai masu tara nasu musamman, amma ka saye su da saninka. Fina-finan kunfu da Bruce Lee ya kammala a matsayin jarumi huɗu ne, na biyar kuma, Game of Death, sai a 1978 aka harhaɗa shi da wasu 'yan wasa suna tsaya masa.

Mataki na 3: San masu bugawa

Akasarin abin da za ka nema ya fito daga kamfani biyu na Hong Kong: Shaw Brothers, da Golden Harvest wanda Raymond Chow ya kafa a 1970. Taskar Shaw tana hannun Celestial Pictures tun shekarar 2000, tsofaffin na Golden Harvest kuma suna hannun Fortune Star. Daga wurinsu masu buga faifai suke karɓar lasisi, don haka ganin ɗaya daga cikin sunayen nan a bayan kwali alama ce mai kyau.

A Ingila ka riƙe suna uku: Arrow Video, Eureka, da 88 Films. Arrow ne suka fitar da Shawscope, wato jerin akwatunan fina-finan Shaw, akwati na farko a ƙarshen 2021 da fim 12, na biyu a 2022 da fim 14, na uku a 2024. Su ne kuma suka yi Bruce Lee at Golden Harvest a 2023. A Amurka akwai Criterion, masu akwatin Bruce Lee mai faifai bakwai na 2020, wanda ɗan shiyyar A ne, da Shout! Factory, da Warner Archive. Kamfanonin Ingilan nan suna buga wa Amurka nata daban, saboda haka sunan kamfani ba ya gaya maka shiyya. Nemi ɗan tambarin harafin A ko B a bayan kwali.

Na zamanin DVD da za ka ci karo da su a gwanjo su ne Hong Kong Legends na Ingila, da Dragon Dynasty na Amurka, da na IVL na Hong Kong 'yan shiyya ta 3. Suna da arha, kuma wasu hirarrakin da ke cikinsu da tsofaffin 'yan wasa suna da daraja har yau. Amma in akwai sabon Blu-ray na fim ɗin, shi za ka sa gaba.

Mataki na 4: Binciki bugun kafin ka biya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suke gaggawa. Kafin ka biya, buɗe shafin intanet na DVDCompare ko DVDBeaver ko Blu-ray.com, ka rubuta sunan fim, ka kwatanta bugu da bugu. Da Turanci suke, amma lambobi da hotuna kake nema. Abu biyar za ka duba.

Na farko faɗin hoto. Kusan duk fina-finan nan an ɗauke su da faffaɗan hoto ne, 2.35:1, wato faɗinsa ya ninka tsayinsa sau biyu da ɗoriya. Kaset ɗin bidiyo da faya-fayan VCD da muka taso da su da yawansu an datse musu gefe biyu don su cika tsohuwar talabijin mai 4:3, kuma abin da ake zubarwa ta haka ya haura kashi 40 cikin ɗari na hoton. A fim ɗin soyayya ƙila ka haƙura. A fim ɗin faɗa kuwa asarar babba ce, domin mai tsara faɗa ya tsayar da mutum biyu ne a gefe da gefe don ka ga tazarar da ke tsakaninsu, ka ga wanda ya fara motsa ƙafa. Na yi shekaru ina kallon karon Bruce Lee da Chuck Norris na The Way of the Dragon a datse, mutum ɗaya a allo, ɗayan sai dai ƙafarsa ta shigo ta fita. Ranar da na gan shi da cikakken faɗinsa na ga yadda Lee yake sauya takunsa a tsakiyar faɗan, yana shiga yana fita, yana auna nisan abokin karawarsa, sai da na mayar da wurin baya sau uku. Baƙin layi a sama da ƙasan allo ba lahani ba ne, shi ne shaidar an ba ka hoton duka. Kada ka danna madannin da ke cika allo.

Na biyu tsawon fim. Kwatanta mintuna, amma da lura. DVD na Ingila yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24 na silima, don haka fim mai minti 100 yakan koma 96 ba tare da an cire kome ba, sai dai muryoyi su ɗan yi sama. In bambancin ya wuce haka, to almakashi ya shiga. Hukumar tace fina-finai ta Birtaniya ta shafe wajen shekara ashirin, har zuwa 1999, tana cire duk wurin da aka nuna sandunan nan biyu masu sarƙa a tsakani, wato nancaku. Duk kaset ko faifan Bruce Lee na Ingila da ya girmi wannan shekara ka ɗauka an taɓa shi. A Amurka kuma an saba rage fina-finan Jackie Chan. Drunken Master II na 1994 da aka sake shi can a 2000 an sauya masa suna da kiɗa, an ɗora masa Turanci, an kuma cire ƙarshensa. Bugun Warner Archive na 2021 ne ya dawo da shi yadda yake. Wani lokaci kuma tsayi biyu duk halal ne. Enter the Dragon yana da na silima mai minti 99 da wani mai 102, kuma bugu mai kyau yakan ba ka duka. Akwatin Arrow na 2023 ya zo da wani tsohon yankan The Big Boss na harshen Mandarin, babban harshen ƙasar Sin, mai ƙarin kusan minti goma da aka daɗe ana zaton sun ɓata.

Na uku murya, kuma a nan nake so ka ɗan tsaya. A Hong Kong ta wancan zamani ba a ɗaukar sauti a wurin ɗaukar fim. Sai an gama ake shiga ɗaki a ɗora murya, sau da yawa ma ba bakin jarumin ba ne. Fina-finan Shaw na shekarun 1960 da farkon 1970 da Mandarin aka sake su, daga ƙarshen shekarun 1970 Kantonis, harshen mutanen Hong Kong, ya karɓe kasuwa, musamman a masu barkwanci. Muryar Bruce Lee ta gaskiya a Enter the Dragon za ka ji ta, Jackie Chan kuwa sai a Police Story 3 na 1992 aka fara ɗaukar tasa kai tsaye a fim ɗin Hong Kong. Don haka bugun kirki yakan jera maka Mandarin da Kantonis da tsohuwar muryar Turanci, ka zaɓa. The Big Boss kowane harshe ma da kiɗansa daban.

Abin da za ka nema a jerin shi ne kalmar mono, wato sautin asali mai fita ta kafa ɗaya. Yawancin sabon haɗi na 5.1, wato sauti mai fita ta lasifika shida, da aka yi a zamanin DVD an cusa masa sababbin ƙarar naushi da takobi da kukan tsuntsaye waɗanda babu su a fim ɗin, wani wurin har kiɗa aka musanya. Kunnen da ya saba da tsohuwar ƙarar nan ta bugu yana jin bambancin nan take. In bugu yana da 5.1 kaɗai, ni ba na saya. Kuma kada ka ji kunyar son tsohuwar muryar Turanci. Da ita aka kalli fina-finan nan a gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos, tana cikin tarihinsu, kuma kamfanonin kirki suna wahalar nemo ta. Sai dai ka duba an rubuta tsohuwar ce, don akwai sababbi da aka sake ɗorawa daga baya, ba su da armashi.

Na huɗu rubutun fassara na ƙasan allo. Wasu bugun ba sa fassara abin da aka faɗa da Sinanci, sai su kwafe kalaman muryar Turanci su liƙa. Gane shi ba wuya: kunna muryar Turanci tare da rubutun, in suna tafiya kalma da kalma to kwafe ne. Nemi inda aka ce sabuwar fassara ce. Na Hong Kong da na Jamus da Faransa da Japan kuma ka tabbatar akwai Turanci a ciki kwata-kwata, don da yawa babu.

Na biyar, daga ina aka ɗauko hoton. Bayan kwali ko shafin kamfani zai ce an gyara shi a ingancin hoto na 2K ko 4K daga ainihin nagatif, wato asalin fim ɗin da aka ɗauka da kyamara, kuma ya faɗi wanda ya yi aikin. Wannan ake so. In aka yi shiru ba a faɗi tushe ba, akwai yiwuwar tsohon DVD aka hura ya zama Blu-ray. Duba hotunan kwatance: fuska ta fito da ramukan fata da gumi, da ɗan yashi-yashin nan na fim. In fuskar jarumi ta yi sumul kamar an shafe ta da man kaɗanya, an wanke hoton fiye da kima.

Mataki na 5: Lissafi da lokacin saye

A Ingila sabon Blu-ray guda na kamfanonin nan yakan kama daga fam 15 zuwa 25, na 4K ya ɗara haka, manyan akwatuna kuma sukan haura fam 100. Criterion farashin faifansu guda dala 39.95 ne, amma shagon Barnes & Noble yana karya shi rabi a watan Yuli da Nuwamba kowace shekara. Su ma na Ingila suna yin rangwame sau da dama a shekara. Mayar da kuɗin zuwa naira ko sefa a farashin ranar da za ka biya, ka ƙara kuɗin aikowa da ladan banki, sannan ka ware wani abu don kwastan.

Akwati kada ya tsorata ka kafin ka raba. Akwati mai fim 12 a kan fam 120, fam 10 ke nan kowane fim, ya fi sayen ɗai-ɗai arha. Amma in uku kaɗai kake so a ciki, kowanne ya tashi a fam 40. Koma kan jerinka na mataki na 2 ka ƙirga.

Sai batun bugu mai iyaka, wanda ake buga 'yan dubbai da kwali mai tauri da ɗan littafi da fosta. In ya ƙare, 'yan kasuwar shafin gwanjo na eBay sukan ninka kuɗinsa. Kada ka bi su da gudu. Sau da yawa kamfanin yakan sake fitar da faifan a kwali na kullum bayan wasu watanni, hoto ɗaya, sauti ɗaya, littafin ne kawai babu. Inda ya kamata ka yi sauri shi ne in an ce wani faifan ƙari na bugun farko ne kaɗai, kuma abin da ke cikinsa kake so. Ni ɗan littafin yana burge ni, ina karanta shi, amma ban taɓa yarda in biya ninki biyu dominsa ba.

Gargaɗi: akwatin 4K yakan zo da faya-fayan ƙari na Blu-ray, kuma su ana kulle su da shiyya ko da babban faifan a buɗe yake.

Mataki na 6: Rabe na ainihi da jabu

Na taɓa biyan wani mai sayarwa a intanet kuɗin wani akwati da ya ƙare a kasuwa, farashin ƙasa da rabin na kowa. Da ya iso, kwalin ya yi kyau daga nesa. Da na matso da shi bakin taga sai na ga ƙananan rubutun bayansa sun yi dishi-dishi kamar an yi hoton hoto, ɗan littafin babu, faifan kuma da na juya cikinsa launinsa duhu ne. Na saka a kwamfuta, fim ɗin da ya kamata ya cika faifai mai gigabait 50 an matse shi a mai 25, an zubar da muryoyi biyu da duk hirarrakin.

Ga abin da za ka duba. Juya faifan ka kalli zoben da ke kewaye da ramin tsakiya a cikin haske. Wanda aka buga a masana'anta yana da jerin lambobi da aka zana a wurin, galibi har da haruffan IFPI. DVD na ainihi cikinsa ruwan azurfa ne ko ya ɗan yi zinariya, wanda aka ƙona a kwamfuta kuwa shuɗi ne mai ja-ja, kuma za ka ga iyakar inda rubutun ya tsaya. Kwatanta lambar layukan farashi, wato barcode, ta bayan kwali da wadda ke Blu-ray.com. In bugun da kowa ya san ɗan shiyyar B ne aka ce maka yana tashi a ko'ina, ko aka ce sabo ne dal alhali ya ƙare shekara biyu da suka wuce kuma mai shi yana da guda hamsin, ka wuce. A gwanjo ka roƙi hoton cikin faifan da na bayan kwali kafin ka biya. Mai kayan gaskiya ba ya ƙin turowa.

Faifan nan mai fim ashirin a ciki da ake sayarwa a bakin titi ba ya cikin wannan magana. DVD mai fuska ɗaya mafi girma gigabait 8.5 yake ɗauka, kuma fim ɗaya mai kyau yakan cinye fiye da rabinsa.

Mataki na 7: Hanyar kawowa

Ba kowane shago ne yake aikowa Nijeriya ko Nijar ba, don haka duba wannan tun kafin ka cika kwando. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan'uwa ko aboki mai dawowa daga Ingila: a kai kayan gidansa, ya sako su tsakiyar tufafi a jaka. Sai masu jigilar kaya da ke ba ka adireshi a Landan ko Amurka su caje ka da kilo. Da su, tara oda uku ko huɗu a haɗa a kwali ɗaya ya fi arha. Ta gidan waya kuma kada ka yarda sai da lambar bibiya.

Ka ce a sa a kwali, kada a sa a ambulan. Akwatunan nan kusurwarsu ce take fara lotsewa, kwalin ƙarfe kuma in ya lotsa ba ya miƙewa. Ajiye rasit a waya da kuma a takarda, don in jami'in kwastan ya tambayi darajar kaya ka nuna abin da ka biya. Tambayi bankinka iyakar abin da katinka zai iya biya a waje kafin ranar rangwame ta zo.

Mataki na 8: Ranar da kaya ya iso

Ɗauki bidiyo da waya tun daga yanka selotef har fito da faya-fayan, shi ne hujjarka in wani abu ya fashe ko ya ɓace. Girgiza kwalin a hankali kafin ka buɗe. In ka ji ƙwaras-ƙwaras, faifai ya fita daga maƙalinsa, ka duba ko ya karce. Ƙirga faya-fayan da abin da aka rubuta.

Sannan ka gwada kowanne a cikin makon, kada ka jera su a kanta ka ce sai an samu lokaci. Tsallaka babi-babi har ƙarshe, sauya muryoyi, kunna rubutu. Lokacin mayar da kaya gajere ne. Kuma yakan faru kamfani ya gano kuskure a wani faifai ya buga na musanya kyauta ga wanda ya nuna rasit, don haka leƙa shafinsu bayan fitowar sabon akwati.

A talabijin ɗin kuma ka kashe saitin nan da ke sa motsi ya yi santsi, kowane kamfani da sunan da yake ba shi, ka zaɓi yanayin silima. Saitin yana ƙirƙiro hotunan da ba a ɗauka ba ya cusa a tsakani, kuma a faɗa mai sauri hannu da sanda sukan narke su bar inuwa.

Mataki na 9: Ajiya a ƙasarmu

Waɗanda suka ƙera kwalayen nan ba su san zafin watan Afrilu ba, ba su san ƙurar hunturu ba. Faifai a tsaye ake jera shi kamar littafi, ba a kwance an ɗora wani kan wani ba. Nesa da taga, nesa da bangon da rana take duka da yamma, kuma kada a bar shi a mota ko na awa ɗaya, don zafi yana lanƙwasa shi, rana kuma tana cinye launin gefen kwali cikin 'yan watanni. Kabad mai ƙofar gilashi ya fi kanta a buɗe. Ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da ruwan da kan shigo ɗaki da damina, domin gara ba ta cin faifai amma kwali da littafi abincinta ne. 'Yan ƙunshin tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani, tara su ka watsa a kabad, musamman kusa da kwalayen ƙarfe masu yin tsatsa. Manyan akwatuna ka sa su a leda mai haske, amma ka bar bakin a ɗan buɗe don iska.

In ƙura ta hau faifai, hure ta tukuna, sannan ka goge da ƙyallen goge tabarau, daga tsakiya zuwa baki a miƙe. Kada ka bi zagaye, don karcen da ya bi zagaye shi ne yake sa fim tsalle. Kada ka yi amfani da bakin riga, ko fetur, ko man goge baki da ake cewa yana gyara karce. Blu-ray yana da rufi mai tauri da ke jure ƙananan karce fiye da DVD, amma bayanansa suna dab da fatar faifan, don haka karce mai zurfi ba ya gyaruwa. Riƙe shi ta baki da ramin tsakiya. Injin ma ka rufe shi da ƙyalle in ba a amfani da shi, domin ƙura a idon injin takan sa ka zargi faifan da ba shi da laifi.

Aro kuwa za a zo nema, daga abokai har ƙannen matarka. Ni abin da nake yi shi ne in ce a zo a kalla a nan, in dafa shayi. In dole ne faifai ya fita, ina cire shi daga akwatinsa in sa shi a wani kwalin roba na daban, littafin da fostar su zauna a gida, in rubuta sunan mai aro da ranar a bayan littafin nan da na fara jera fim goma a cikinsa.